Idan aikin dare ya fara canza miki jiki

Shekarata tara ke nan ina aikin jinya a Birnin Kebbi, yawancinsu a ɗakin haihuwa, inda dare ya fi rana cika. A wurinmu ana karɓar aiki ƙarfe 9 na dare, a miƙa ƙarfe 8 na safe, kwana bakwai a jere, sannan a ba ki hutu. Kwanaki wata yarinya da ba ta daɗe da fara aiki ba ta tare ni a ɗakin canza kaya, ta kafa wa fuskarta ido a waya, ta ce, "Anti, dubi yadda na koma." Kafin in buɗe baki aka kira ni, an kawo mai naƙuda. To, ƙanwata, ga amsar da na ci miki bashi.

Ki daina duba madubi da ƙarfe 8 na safe. Da gaske nake. Wadda ta kwana a tsaye dole idonta ya faɗa, ƙasan ido ya yi duhu, leɓe ya bushe, ƙafa ta ɗan tasa. Fuskar gajiya ce, barci biyu masu kyau suna kwashe rabinta. In kina son ganin yadda kike, ki bari sai rana ta uku ta hutu, bayan kin yi wanka kin ci abinci.

Sauran rabin kuwa yana da dalili. Jiki na da agogonsa, kuma haske ne ke saita shi. In duhu ya yi, ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari mai suna melatonin da ke jawo barci. Hasken fitila da na waya suna danne shi. Masana uku da suka gano yadda agogon nan ke aiki sai da aka ba su kyautar Nobel a 2017. In barci ya gaza, sinadarin da ke tayar da yunwa na ƙaruwa, mai sanar da ke kin ƙoshi yana raguwa, kuma jiki bai iya sarrafa sukari da dare kamar yadda yake yi da rana. Shi ya sa ƙarfe 3 na dare ranki ba ya son komai sai Indomie da ƙwai da shayi mai kauri na mai shayin bakin get. Kada ki kira kanki makwaɗaiciya. Wasu aikin dare ƙiba yake sa su, musamman a tumbi, wasu kuma cin abincin ne ke gagararsu su bushe. Ni duka biyun na gani.

Ramar ce ta fara zuwa. Shekarata ta farko na je suna Argungu, gwaggona ta riƙo hannuna a gaban mata ta ce, "Ɗiyata, mi as same ki? Ko mijin ne ba ya ba ki abinci?" Aka yi dariya, ni ma na yi, na dawo gida na yi kuka. Sati bai zagayo ba na karɓi ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe daga hannun wata abokiyar aiki. Ina nas, na san abin da ke ciki, na sha. Yawanci dexamethasone ne, wani lokaci a haɗa da cyproheptadine mai buɗe ciki da sa gyangyaɗi. Fuskata ta cika ta yi zagaye, kowa na cewa na murmure, aure ya karɓe ni. Kumburin magani ne, kitse da ruwa da suka taru a fuska. Ranar da na ɗaura wa kaina abin awon jini da wasa, na ga ya haura 140 bisa 90, jikina ya yi sanyi. Maganin nan na tayar da sukari da hawan jini, yana cin ƙashi, yana raunana garkuwar jiki, ke kuma kullum kina cikin masu ciwo. In kin riga kin fara har kin yi makonni, kada ki yanke shi rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ki sami likita ki faɗa masa gaskiya ya rage miki sannu a hankali. Kunyar minti biyar ce.

Abin da ya gyara ni barci ne, kuma a nan aikin yake, don barcin rana a gidan Bahaushe yaƙi ne. Ga injin markaɗe, ga masu talla, ga almajirai, ga baƙuwar da za ta yi sallama sau bakwai sannan ta fita tana cewa matar gidan nan ba ta da aiki sai kwanciya. Ni tun daga asibiti nake fara shiri. In na hau kabu-kabu zuwa gida a unguwar Badariya ina sa baƙin tabarau, don hasken safiya shi ke gaya wa jiki gari ya waye. Ina isa in watsa ruwa, in sha koko ko fura kaɗan don kada yunwa ta tashe ni, in kashe waya. Labulen ɗakina baƙi ne mai kauri, kunnena da auduga. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce 40 kuma wuta sai an ga dama, ina jiƙa zani in matse in rufa, in kunna ƙaramar fankar sola. Ita ce abu mafi amfani da na taɓa saya da albashina, har da atamfofin da ke akwati.

Ba ki samun awa bakwai a haɗe, kada ma ki wahalar da kanki. Ki raba shi biyu: daga 9 da rabi zuwa azahar, ki yi salla ki ci abinci, sannan ki ƙara awa ɗaya da rabi ko biyu kafin ki fita. Surukata ba ta yarda da barcin bayan la'asar ba, ta ce yana taɓa kai, don haka na mai da nawa tsakanin azahar da la'asar muka zauna lafiya. Ki zaunar da maigida da yara ki yi musu bayani a fili: ƙarfe 11 na safenki shi ne ƙarfe 2 na darensu. Nawa bai gane ba sai da na tashe shi tsakar dare wata ranar hutu na tambaye shi inda ya ajiye makullin shago.

Abinci kuma, babban cinki ki yi shi kafin ki fita, tuwon shinkafarki da miyar kuka ko duk abin da aka dafa. Cikin dare ki riƙe abu mara nauyi a jaka: kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, gyaɗa, dabino biyu ko uku, nono marar sukari. Ruwa gora guda ki ajiye inda idonki ke gani. Nescafé da Lipton da goro duk ɗan gida ɗaya ne, sinadarin caffeine mai hana barci ne a cikinsu, kuma bayan kamar awa biyar rabinsa na nan a jini. In kin sha ƙarfe 5 na asuba don ki kai safe, kin sayar da barcin ranar. Ni daga ƙarfe 2 na rufe. In gyangyaɗi ya kama ni wajen 4, lokacin da jiki ya fi mutuwa, alwala da zagayen gadaje sun fi kofi.

Za a ce kin yi baƙi, kuma akwai mai man shafawa a jaka tana jiran ki ji haushi. Wallahi na ga fatar da man bilicin ya cinye ana ƙoƙarin ɗinke ta bayan tiyata, zare na yaga ta kamar tsohon zani. Man kaɗanya ko basilin, musamman da hunturu, ya ishe ki.

Bayan haihuwata ta biyu sai abin ya juya, tumbi ya fito. Bakunan da suka ce na rame su ne suka koma tambaya, "Sista, an samu ƙaruwa ne?" Nan na gane maganar mutane ba ma'auni ba ce, na nemi ma'aunin da zan yarda da shi. Ina auna jinina duk wata, sukari lokaci lokaci, kuma ina zagaya tef a ƙuguna: in bai kai rabin tsawona ba, ba ni da magana da shi. In waɗannan sun kauce, ko al'ada ta rikice, ko ramar ba ta tsayawa, ko kin wayi gari ba abin da ke miki daɗi makonni a jere, wannan na likita ne, ki je. Masu tambaya kuma amsa ɗaya nake ba su, "Aikin dare ne, Hajiya, a sa mu a addu'a." Ba mai iya ɗora komai a kai.

Kada kuma ki zama wadda kowa ke roƙo ta karɓar masa dare don ba ta iya cewa a'a. Sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo cutar, a 2007, ya sake tabbatarwa a 2019. Ban faɗa don in tsorata ki ba. Naki kason ki yi shi da zuciya ɗaya, na wani kuma ki bar masa, kuma ranakun hutunki ba na zagayen biki ba ne duka.

Saura yunifom. Na yi shekara biyu ina matsa kaina cikin wanda aka ɗinka mini ina amarya, ina jan numfashi in zan sunkuya kan gado, ina cewa in na rage zai zauna. Kullum sai ya ɓata mini rai tun kafin in bar gida. Rannan na kwashi yadi na kai wa telata, ta auna ni yadda nake, na ce ta sake hammata, ta yi aljihu biyu masu zurfi da za su ɗauki almakashi da biro da ƙullin gyaɗa. Tsofaffin uku suna nan a wanke a goge, na ga kamar za su yi miki daidai. Ki tuna mini ranar Alhamis in zo miki da su.