Yadda Ake Zaɓen SSD ga Kwamfutar Tafi-da-gidanka Kafin a Hau Motar Kano

Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da malaman makaranta da masu shagunan buga takardu a garuruwa irin su Ringim da Gumel da Rano na hannu ne, galibi HP EliteBook ko Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad, kuma da dama daga cikinsu har yau da tsohon faifan ajiya na HDD suke aiki. Wannan faifan juyawa yake yi, yawanci sau 5400 a minti ɗaya, shi ya sa kwamfuta ke nawa wajen tashi, kuma girgizar babur a kan hanyar burji tana iya rage masa kwana. SSD kuwa, wato sabon nau'in ma'ajiya da ke maye gurbin HDD, babu abin da ke motsi a cikinsa, saboda haka ya fi sauri, ya fi jure jijjiga. Sai dai ba kowane SSD ne ke shiga kowace kwamfuta ba, kuma wanda ya taso daga nesa zuwa kasuwar Farm Centre ta Kano bai kamata ya biya kuɗin mota sau biyu a kan kaya ɗaya ba.

Saboda haka aikin farko a gida ake yin sa. A juya kwamfutar a kwafi cikakkiyar lambar samfurinta, a nemi littafin gyara da kamfanin ya sa a intanet, domin a ga irin gurbin ajiyar da take da shi. Idan hakan ya gagara, sai a sa mai gyara ya buɗe murfin ƙasa a ɗauki hoton gurbin da waya. Akwai kwamfutocin da ma'ajiyarsu a manne take da allon ciki, kamar ƙananan HP Stream da MacBook na shekarun baya-bayan nan, waɗannan babu zancen canji a kansu.

Kwamfutoci irin su EliteBook 8470p da Latitude E6430 da ThinkPad T430 suna ɗaukar SSD mai inci 2.5 na SATA (mahaɗin da tsohon faifai ke amfani da shi), wanda ke zama daidai inda aka cire tsohon faifai. Wannan shi ne mafi sauƙin lamari. Inda ake yawan tafka asara shi ne wajen nau'in M.2, siririn nan mai kama da ƙaramar rula, domin iri biyu ne masu kamanni ɗaya amma aikinsu daban: akwai M.2 na SATA, akwai na NVMe. Na SATA yawanci tsaga biyu gare shi a bakin haƙoransa, na NVMe kuwa galibi tsaga ɗaya. Wani gurbin yana karɓar duka biyun, wani kuma ɗaya kawai yake ganewa, har ma a iya cusa SSD ya zauna daram amma kwamfuta ta ƙi ganin sa, mai shi ya ɗauka lalatacce aka sayar masa. Sai kuma tsawo. Lambar 2280 tana nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, kuma ita ce ta fi yawa, amma wasu ƙananan kwamfutoci 2242 ko 2230 suke ɗauka. Akwai wani tsohon nau'i mai suna mSATA wanda bai kamata a rikita shi da M.2 ba.

Game da gudu, SATA ba ya wuce kimanin megabait 550 a daƙiƙa, NVMe na PCIe 3.0 (PCIe ita ce hanyar da NVMe ke bi zuwa allon ciki) yana kaiwa wajen 3,500, na PCIe 4.0 kuma wajen 7,000. Waɗannan alƙaluman suna da daɗin ji a bakin mai shago, amma a ganina wanda aikinsa buga takardu ne da cike fom ɗin JAMB da karatu ba zai ga wani bambanci mai yawa tsakaninsu ba, domin babban tsallen shi ne barin HDD. Sannan idan gurbin PCIe 3.0 ne, mai tsadar ma a gudun gurbin zai tsaya. Masu gudun sosai sun fi ɗaukar zafi, abin lura ne a yankin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, tunda SSD yana rage gudu da kansa idan ya yi zafi da yawa.

Wajen girma, 128GB ya yi kaɗan, domin Windows da manhajoji za su cinye kaso mai yawa. 256GB ya wadatar ga mai takardu, mai tara bidiyo da hotunan biki kuwa ya nemi 512GB. Kada a tsorata idan 256GB ya nuna 238GB, ko 512GB ya nuna 476GB, bambancin lissafi ne kawai.

Babbar matsalar kasuwa ita ce jabu da kuma tsohon da aka goge aka sa a sabon kwali. Gara ƙaramin SSD na gaske daga Samsung ko Kingston ko Western Digital da babban da ba a san asalinsa ba, kuma farashin da ya faɗi ƙasa da na sauran shaguna sosai dalili ne na tsayawa a yi tambaya. A je da kwamfutar, a sa a ɗaura shi a gaban ido, sannan a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce. Za ta nuna lafiyar SSD ɗin, da sa'o'in da ya yi yana aiki, da yawan bayanan da aka taɓa rubutawa a kansa, don haka wanda aka ce sabo ne bai kamata ya nuna ɗaruruwan sa'o'i ba. Na hannu ba laifi ba ne idan an faɗi gaskiya kuma kuɗinsa ya yi daidai. Manhajar H2testw tana tona asirin wanda aka yi wa ƙaryar girma, amma tana cin lokaci, saboda haka a karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan, a kuma yi magana a fili kan kwanakin da za a iya dawo da shi.

Kafin a taɓa komai, a kwashe muhimman takardu zuwa wata ma'ajiya, kuma idan faifan yana kulle da BitLocker, wato makullin bayanai na Windows, a adana mabuɗinsa. Ana iya kwafe tsohon faifan gaba ɗaya da manhaja irin Clonezilla, muddin girman tsohon bai fi na sabon ba, amma ga kwamfutar da ta daɗe tana fama da tarkace, sabon Windows ya fi. A kashe ta, a zare caja, a cire batir ko a zare wayarsa ta ciki kafin a sa sukundireba. Tsohon faifan kuma, idan lafiyarsa ƙalau, a saya masa gida mai USB ya koma ma'ajiyar waje. Idan RAM ɗin kwamfutar 4GB ne, yana da kyau a tambayi kuɗin ƙara shi zuwa 8GB a wannan tafiyar, tunda an riga an buɗe murfin.