Yadda za ka ƙarasa gyaran tsohuwar Fijo 504 ta fito kamar zamaninta

Motar da nake magana a kanta 504 ce salun, ta mahaifinmu Allah ya jiƙan shi, ta yi shekaru a fake ƙarƙashin dogon yaro a gidanmu na Birnin Kebbi, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji na ƙwai bisa kujerar baya, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ya ce don Allah a sayar ma 'yan gwangwan a huta. Ban sayar ba. Na kwashe kusan shekara biyu ina gyaranta kaɗan kaɗan gwargwadon aljihu, kuma abin da na gane shi ne tada inji ba shi ne wuyar aikin ba, duk makaniken da ya san Fijo zai tada maka shi. Inda ake ɓata mota shi ne wajen ƙarasawa, lokacin da ka gaji, kuɗi sun ja baya, kowa na ba ka shawara, wanga ya ce sa mata rim ɗin aloyi, wancan ya ce a yi mata baƙin gilashi da fitilar LED, kafin ka ankara mota ta tashi ba ita ba tsohuwa ba ita ba sabuwa.

A Amurka akwai masu wanga sha'awa da suke kira hot rod, wato tsofaffin Ford ne, musamman ƙirar 1932 wadda ta zo da injin V8 mai shafaffen kai, samari sunka riƙa cire musu duk wani nauyi suna ƙara ma injin ƙarfi suna tsere a busassun tafkuna na kudancin Kalifoniya, abin ya bunƙasa sosai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Masu haɗa irinsu yau da suke son su fito sak, ƙa'idarsu guda ce, za su zaɓi shekara, a ce 1950, to duk wani ƙarfe da bai wanzu ba a wannan shekara ba zai hau motar ba, ko da ya fi kyau ko ya fi arha. Kafireta sai irin Stromberg 97, taya sai mai tsohon zubi, caji ma da dainamo za su yi shi maimakon altaneta. Wannan ƙa'ida ita na ara, don mu nan ba mu da Ford 1932, Fijo muka tashi muka gani.

To ka fara da zaɓen shekara, kuma ba ra'ayinka ne zai zaɓa ba, motar ce za ta gaya maka. 504 ta fito a Faransa 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969, kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN na Kakuri a Kaduna, ya fara haɗa motoci 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a ƙasar nan har 2006, shekaru masu yawa bayan Turai sun daina salun ɗin. Ka ga kenan idan mutum ya ce maka "kayan 504 ne" bai gaya maka komai ba, don dashbod da sitiyari da hannun ƙofa da fitilun baya na farkon fitowa daban suke da na Bestline da anka yi daga baya, wasu ma giyarsu a jikin sitiyari take wasu a ƙasa. Buɗe bonet ka nemi ɗan farantin ƙarfe mai lambar shasi ka ɗauke shi hoto, ka binciko tsofaffin takardun motar in suna nan, sannan ka shiga cikin albam na gida, wallahi hotunan biki da na sallah sun fi komai taimaka min, a hoto guda na ga Baba tsaye jikin motar, daga nan na san irin wil kaf ɗinta da inda eriyar rediyo take da cewa madubin gefe guda ɗaya ne gare ta. In kuma taka 404 ce ta kafin 1972 kuma sitiyarinta na dama, kar ka bari kowa ya maida maka shi hagu, ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, wannan sitiyarin shi ne shaidar shekarunta.

Fenti shi ne ya fi ci min rai. Karon farko na kai ma wani mai fenti, na yi tafiya, ko da na dawo ya fesa mata wani shuɗi mai ƙyalƙyali irin na motocin yanzu wai ya fi tsada ya fi kyau, na tsaya na ma rasa abin faɗa, dole anka sake gogewa, kuɗi sunka tafi a banza. Don haka ka nemo asalin kalarta da kanka tun kafin ka kai, ɗaga kafet ɗin ƙasa, leƙa cikin but, cire katakon jikin ƙofa ka duba ciki, nan ne rana ba ta taɓa ba kuma masu fentin baya ba su kai hannu ba. A haɗa kalar a gabanka, a fesa bisa wani guntun ƙarfe, ka bari ya bushe ka kara shi da na asalin a cikin rana, kar ka yi a inuwar gareji. Kuma ka tsaya kan fanel bita, duk inda tsatsa ta ci, galibi ƙasan ƙofofi da bakin taya da ƙasan but da wajen ƙafar direba, a yanke a yi waldar sabon ƙarfe, kar a cika shi da fila, don fila mai kauri zafin Kebbi na watan Afrilu da Mayu tsattsaga shi zai yi. Ɗauki ɗan maganaɗisu ka bi jikin motar, inda ya ƙi kamawa an jibga fila nan. A cire gilasai da robobi da duk ƙarafan ado kafin feshi, masu manna jarida su fesa a kai su ne ke sa ka ga fenti ya hau roba. Lokaci ma a lura, kar a fesa a fili cikin hunturu, ƙura za ta zauna cikin fentin ka shafa ka ji kamar samfefa.

Bamba da sauran fararen ƙarafa kuma kar a yi musu fentin silba, wannan shi ke fara tona asirin aiki. A buga su su miƙe a goge da man goge ƙarfe, ko da ɗan tabo ya rage ya fi. Zakin nan na gaba da rubutun 504 na baya ka adana su cikin leda tun ranar da anka fara kwance mota, su ne ke fara ɓata a gareji.

Taya da rim ba dogon zance. Rim ɗin ƙarfe na asali mai ƙusa huɗu, inci 14, da wil kaf ɗinshi, taya mai tsayin gefe irin 175 R14 ko abin da ya fi kusa da ita. Siririyar tayar zamani mai faɗi tana sa sitiyari nauyi, tana kuma kashe laushin nan da anka san 504 da shi a kan gargada. Ita 404 ƙusa uku gare ta, inci 15. Amma tayar kanta sabuwa za ka saya, ka duba lambobi huɗun nan na gefe, biyun farko mako biyun ƙarshe shekarar da anka yi ta.

Fitilun gaba su ne fuskar 504, wannan yanayi nasu mai ɗan karkata shi ke sa ka gane ta tun daga nesa. Nemi na gilashi na asali, in farantin ciki ya dushe a samo wani, ka sa ƙwan halojin mai ɗan ja-ja, in haske ya yi maka kaɗan a sa rile a gyara waya da as, wato wayar da ke haɗe da jikin mota, za ka ga bambanci ba tare da ka sa farin hasken nan mai kashe ma mutane ido ba. Idan motarka daga Faransa ta shigo kuma ka tarar da ƙwai rawaya ba kuskure ba ne, dokarsu ce ta tilasta rawayan haske har 1993.

Cikin mota nan ne mai ɗinkin kujera zai so ya gwada basirarshi, ya yi maka kala biyu da zanen daiman da jan zare. Hana shi. Ka ajiye tsohuwar rigar kujera ko guda ce ko ta yage, a warware ɗinkin a yi awo da ita, layin ɗinki ya bi inda na da ya bi, soso kawai za a canza. Dashbod in ya tsage a nemo wani, kuma ina roƙonka kar a huda shi don a sa allon nan na taɓawa. Ni tsohuwar rediyo mai kaset na samo na sa a mazauninta, ƙaramar na'urar Bluetooth kuma na ɓoye ta cikin aljihun dashbod, ba mai ganinta. Agogon gudu da na mai da na zafi a gyara su su yi aiki, na zafi musamman.

Wajen inji wani dattijon makanike ne ya kama min, tun zamanin da 504 wagon ke lodin Sakkwato da Jega da Yawuri yake wanga aiki. Ranar da na ce mishi ko mu sa injin Toyota mu huta sai ya ajiye sifana ya dube ni ya ce "Ɗana, in Toyota kake so ga su can bakin titi, wagga ka bar ta da zuciyarta." Na ce "To Baba, yadda kuka ce." Injin nan mai cc 1971 a kishingiɗe yake gefe guda, kafireta Solex, distiributa mai kwantak da kwandansa, ba kwamfuta ba sansa, kuma na tsaya na ga yadda ya saita shi da safe injin na sanyi, ya zaro 'yan siraran ƙarafan awo daga aljihun riga, bawul ɗin shiga milimita 0.10, na fita 0.25, bakin kwantak 0.40, yana zura ƙarfen yana ja a hankali har sai ya ji ya ɗan riƙe, ya kuma nuna min cewa a Fijo silinda ta ɗaya tana can baya wajen kuloci, yara da yawa daga gaba suke ƙirgawa shi ya sa suke rikita wayoyin fulogi, tsarin tashinsu 1-3-4-2 ne. Abu guda da ya ja min kunne a kai shi ne zafi, kan injin alminiyom ne kuma silindojin hannun riga ne da ruwa ke zagayawa, in ka bari ya tafasa gasket zai tafi ruwa ya haɗu da mai. Don haka a wanke lagireto sosai, a canza duk robobin ruwa, kar a cire tamostat, kuma a daina zuba mishi ruwan rijiya zalla. Kwalliyar ƙarƙashin bonet kuwa baƙin fenti a inda baƙi yake, tukunyar iska ta asali, wayoyi a naɗe da baƙin tef, ba jan tiyo ba shuɗin waya.

In kana son ta ɗan yi zafi irin na 'yan hot rod, ita ma 504 tana da nata tarihin tsere, ita ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 da direba Ove Andersson. To ka bi wannan salo, zagayayyun fitilun Cibié biyu a gaba, farantin kare ƙasan inji, robar tare laka a bayan taya. In kuma wagon ce ko a-kori-kura, kariya a sama da rubutun hannu na mai burushi a baya, irin su Allah ya kiyaye hanya, ya fi dacewa da sitikar kwamfuta.

Kaya kuma sai ka yi yawo. Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano su ne manyan wuraren da za ka fara, amma mu nan Kebbi muna da sa'ar iyaka, ta Kamba ka leƙa Gaya ta Nijar, ko ka yi magana da direbobin da ke zuwa Dosso ta Nijar da Malanbil ta Benin, Fijo ta daɗe tana aiki a can. Tsofaffin gareji na Jega da Argungu da Zuru ma kar ka raina su, gawar mota da ke kwance a bayan gareji wani lokaci ita ke da hannun ƙofar da ka shekara nema. Kullum ka tafi da tsohon abin a hannunka a gwada, kar ka saya ta hoto. Kuma in ka samu biyu ka ɗauki biyu.

Akwai wuraren da ban yarda a yi ma tsufa biyayya ba, birki na farko, a canza tiyon birki da robobin masta da man birki gaba ɗaya, tiyon fetur sabo, tsofaffin wayoyin da sunka bushe a sake su a sa fis daidai, bel ɗin kujera ya zama yana aiki, ga abin kashe gobara a but. Duk waɗannan ba mai ganinsu daga waje, ba su rage ma motar komai. Lamba ma haka, tamu ta da mai SO ce tun Kebbi na cikin jihar Sakkwato kafin 1991, na goge ta na rataye a ɗaki, na yi ma motar sabuwar lamba da takardu don kar a samu matsala da jami'an hanya.

Da an gama kar ka ɗauki doguwar hanya ranar farko. Zaga gari kwana biyu uku, ka riƙa duba ƙasanta da safe ko akwai ɗigon mai ko ruwa, a sake ɗaure ƙusoshin taya, sannan ka gwada Jega ka dawo, idonka na kan agogon zafi. Ni tafiyata ta farko Argungu na kai Inna wajen 'yan uwanta, ta shiga gaba ta zauna ta shafa dashbod ta yi shiru har munka fita gari, can ta ce "Ƙamshinta ma bai canza ba." Har yanzu saura murfin tokar sigari na ƙofar baya ta hagu da wil kaf guda, ukun da ke jiki na asali ne, na huɗun na bar rim ɗin haka nan har in samu irin shi.