Yadda ake neman yafiyar bashin albashi na PPP a Amurka ba tare da an yanke maka kaso ba

An rufe karɓar sababbin masu neman bashin PPP, wato bashin da aka ba ƙananan sana'o'i a Amurka don su ci gaba da biyan albashi lokacin annobar korona, tun 31 ga Mayu, 2021, don haka wanda ya kira ka yau ya ce zai samo maka shi ɗan damfara ne. Abin da ya biyo baya shi ne yafiya da kuma binciken takardu. Shirin ya fito ne daga dokar CARES ta 27 ga Maris, 2020, hukumar ƙananan sana'o'i ta SBA ce ke kula da shi, bankuna ne suka ba da kuɗin. An ba mai sana'a ninki biyu da rabi na matsakaicin albashin da yake biya a wata, da ruwa kashi 1 cikin ɗari. Ga wanda maganar riba ke damu, idan an yafe bashin, ruwan da ya taru a kan abin da aka yafe shi ma ya tafi.

Da farko ka tsayar da wa'adin kashe kuɗin. Asalin doka mako 8 ne daga ranar da kuɗi ya shiga asusu, gyaran 5 ga Yuni, 2020 ya kai shi mako 24. Ka ɗauki mako 24. Bashin bai wuce albashin kusan mako 11 ba, saboda haka a mako 24 albashi kaɗai yakan cinye shi, ba sai ka tono rasit ɗin wuta da ruwa ba.

Sai lissafin kashi 60, inda yawanci ake faɗuwa. Dole aƙalla kashi 60 cikin ɗari na abin da za a yafe ya zama kuɗin ma'aikata. Mutane na ɗauka wanda bai kai ba ya rasa komai. Ba haka ba ne, rage masa ake yi. A ce ka karɓi dala 80,000, ka biya albashi da 42,000, sauran ya tafi haya. Ka raba 42,000 da 0.6, ka samu 70,000. Iyakar yafiyarka ke nan, dala 10,000 ta zauna bashi a wuyanka.

Kafin ka yi wannan rabawar, ka tace abin da kake kira albashi. Wanda kake biya da takardar 1099, wato takardar harajin mai aikin kansa, kamar direban kai kaya ko mai kitso da ke hayar kujera a shagonka, ba ma'aikacinka ba ne a idon wannan shiri, tunda shi ma yana da damar neman nasa bashin. Wanda ka biya kuɗi hannu da hannu ba tare da ya shiga fom 941 ba, wato fom ɗin harajin albashi da mai sana'a ke miƙa wa gwamnati, ka manta da shi. Littafin shago ba hujja ba ne a wurin banki. Kason harajin tarayya da mai gida ke biya a kan albashi ba ya shiga. Inshorar lafiya da kuɗin fansho da ka biya wa ma'aikata suna shiga, haka harajin jiha na kan albashi. Akwai kuma iyaka: albashin mutum ɗaya ba ya wuce dala 46,154 a mako 24, ko 15,385 a mako 8. Kai mai sana'a iyakarka dala 20,833 ce a mako 24, ko da ka biya kanka fiye. Haya da kuɗin wuta da ruwa ana karɓarsu ne in yarjejeniyar ta fara kafin 15 ga Fabrairu, 2020. Shagon da ka kama bayan annoba ta shigo ba ya ciki.

Na gaba shi ne ƙidayar ma'aikata. Ba kawuna ake ƙirgawa ba, awoyi ake dubawa: mai awa 40 a mako shi ne mutum ɗaya cikakke. Akwai gajeriyar hanya da doka ta yarda da ita, mai awa 40 ko fiye a ba shi 1, wanda bai kai ba a ba shi 0.5. Ka gwada hanyoyin biyu a takarda kafin ka zaɓa, amma wadda ka ɗauka da ita za ka auna duka lokutan. Za ka kwatanta yawan ma'aikatanka na wa'adin kashe kuɗin da na ɗaya daga cikin lokuta biyu, 15 ga Fabrairu zuwa 30 ga Yuni, 2019, ko 1 ga Janairu zuwa 29 ga Fabrairu, 2020. Ɗauki wanda ma'aikatanka suka fi ƙaranci. In da kana da 10 suka koma 8, kashi 80 na kuɗin da ka kashe za a lissafa maka. Shi ya sa ka rubuta duk kuɗin da ya cancanta, ko da ya zarce bashin, domin ragin ya ci rarar. Wanda ya ajiye aiki da kansa, ko aka kore shi da laifi, ko ka yi masa tayin dawowa a rubuce ya ƙi, ba a ƙirga shi a kanka. Tayin baki ko kiran waya ba su wadatar ba, sai an ga rubutu. Rage wa ma'aikaci albashi fiye da kashi 25 ma yana jawo yanka. Masu bashin dala 50,000 zuwa ƙasa an ɗauke musu waɗannan ragin biyu.

Fom kuwa, bashin dala 150,000 zuwa ƙasa 3508S ne, shafi ɗaya, bai kai a biya akanta kuɗi mai yawa a kansa ba. Wanda ya fi haka, 3508EZ in bai rage ma'aikata ko albashinsu ba, in ya rage sai cikakken 3508. Banki yana da kwana 60 na duba takardar neman yafiyar, SBA kwana 90. Wanda bai nema ba har wata 10 bayan ƙarewar wa'adi, biya ya hau kansa. Kada ka saka albashin da ka riga ka karɓi rangwamen harajin ERC, na riƙe ma'aikata, da shi. Bashin EIDL, wanda SBA ta bayar na agajin annoba, daban ne, ba a yafe shi.

Takardu kuma ka ajiye su a wuri guda: fom 941, bayanan asusu, takardar haya. Ƙa'ida shekara 6 ce ga manyan basuka, amma ka riƙe 10, domin dokar Agusta 2022 ta ba gwamnati shekara 10 ta gurfanar da wanda ta zarga da zamba a shirin.