Neman tallafin karatu na gwamnati: ka gyara takardunka tun kafin a buɗe shafi

Shagona na kwamfuta yana Samaru, ba nisa da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, kuma rabin cinikina cike wa ɗalibai fom ne a intanet. Abin da na lura da shi, yawancin waɗanda tallafin karatu ke wucewa ba ƙoƙari suka rasa ba. Takardunsu ne ke kayar da su, tun kafin wani ya dubi makinsu.

Da farko ka san wane kuɗi kake nema, don ɗalibai da yawa suna zuwa mini da "kuɗin gwamnati" a baki, alhali iri-iri ne. Akwai na Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi a Abuja. Wannan kyauta ce, ba a biya. Sharaɗinta ga mai digirin farko shi ne ya kasance ɗalibi na cikakken lokaci a makarantar gwamnati, ya kai aji biyu ko sama, kuma CGPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa gaba ɗaya, ya kai 4.0 a ma'aunin 5. Ana kuma yin jarrabawa ta kwamfuta. A 2025 ma'aikatar ta sanar da ɗaga kuɗin zuwa naira 450,000 a shekara ga masu digirin farko da HND da NCE. Akwai kuma na jiha, wanda kowace jiha ke ba 'ya'yanta ta hukumar tallafin karatunta. Kuɗinsa bai kai na tarayya ba, amma ƙofarsa ta fi faɗi. PTDF, wato asusun gwamnatin tarayya na bunƙasa fasahar man fetur, ta fi karkata ga fannonin da suka shafi man fetur da gas. TETFund kuwa, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ka cire ranka, malaman manyan makarantu take ɗaukar nauyi.

Sai NELFUND, hukumar ba ɗalibai rancen karatu, wadda aka buɗe shafinta a watan Mayun 2024. Ita bashi ce. Babu ruwa a kai, tana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, tana ba ɗalibi naira 20,000 duk wata idan ya nema, amma shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin ɗari na albashinsa. Ban ce kada ka karɓa ba, ta rufa wa mutane asiri. Sai dai ka karɓa da sanin cewa rance ka ci, kuma ka gaya wa mahaifinka haka.

Yanzu ga inda aikin yake. Ka ɗauko katin NIN, da bayanan BVN, da takardar JAMB, da takardar admishan, ka shimfiɗa su a tabarma ka karanta sunanka harafi-harafi. Mu 'yan arewa nan ne muke shan wahala. Za ka ga Muhammad a ɗaya, Mohammed a ɗaya, Moh'd a ta uku. A'isha a makaranta, Aishatu a banki. Wani a firamare an haɗa masa da sunan garinsu, ya zama Sani Usman Funtuwa, a NIN kuma Usman Sani kawai. Kai ka san duk kai ne, amma kwamfutar da ke tantancewa ba ta san kawunka ba, ba ta san mai unguwarku ba. Da ta ga bambanci sai ta ajiye ka gefe. Haka ranar haihuwa: da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu a wuri ɗaya, a wani wurin kuma ranar gaskiya.

Idan ka ga saɓani, zaɓi sunan da ke kan takardun makaranta, don su ne suka fi wuyar canzawa, sannan ka bi sauran ka daidaita su da shi. Gyaran NIN ta hukumar NIMC ake yi kuma ana biyan kuɗi. Gyaran BVN a bankinka ne, galibi za su nemi takardar rantsuwa ta kotu. Wannan abu ne na makonni, wani lokaci watanni, shi ya sa nake cewa a yi shi lokacin hutu, tun ba a ji ƙishin-ƙishin buɗe shafi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda muke ce wa indijin, ita ce ginshiƙin tallafin jiha. Ka je sakatariyar ƙaramar hukumarku da kanka, ka tabbata akwai hotonka da sa hannu da hatimi. Wanda aka haifa a Kaduna alhali asalin iyayensa Katsina, ya zauna da su a yanke jihar da zai riƙa nema, ya tsaya a kanta. Mai indijin biyu yana neman rasa duka.

Sai asusun banki, kuma a nan ina so ka buɗe kunne. Ya zama naka, da sunanka, ba na yayanka ko na mama ba. Sannan ka tambayi banki matakin asusun. Ƙaramin asusun da ake buɗewa a waya, wanda ke matakin farko, ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Wata ɗalibar ilimin sinadarai ta taɓa zama a bencin shagona tana share hawaye da gefen hijabi: sunanta ya fito, ƙawayenta sun ga alat, nata kuɗin ya je ya koma. Na ce mata, "Ƙanwata, tashi ki je banki da NIN ɗinki da shaidar adireshi a ɗaga miki asusun, sannan ki rubuta wa hukumar." Ta samu daga baya, amma sai da zango ya kusa ƙarewa.

Ranar cike fom, ka zo da komai a sikane a wayarka: hoton fasfo mai farin baya, admishan, katin shaidar ɗalibi, rasit ɗin rajistar bana, indijin, da sakamakonka mai sa hannun shugaban sashe ko jami'in jarrabawa. Sa hannun nan kan ɗauki kwanaki, malamai ba zaman jiranka suke ba. Ka yi amfani da lambar wayarka da imel ɗinka, kuma kalmar sirri ta zauna a hannunka. Ko ni da nake wannan sana'a ba na son a bar mini ita, don gobe saƙon jarrabawa zai shigo, ni kuma ina can ina fama da janareto. Kafin a danna turawa, karɓi kujerar ka karanta da idonka. A buga maka silif biyu, ɗaya a jaka, ɗaya a gida.

Kada ka jira ranar ƙarshe. Shafin kan cushe, shagon kan cika, farashinmu ma kan hau, gaskiya ce.

Neman tallafin tarayya kansa kyauta ne, kuɗin aikin mai shago kawai za ka biya. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa ka tura dubu biyar a sa sunanka, ɗan damfara ne. Ka duba adireshin shafin ya ƙare da .gov.ng, ko ka tabbatar a ofishin kula da harkokin ɗalibai na makarantarku. Ƙungiyar ɗaliban jiharku ma ka shiga zaurenta, su ke fara jin ranar da jami'an hukuma za su zo tantancewa, kuma wanda bai bayyana da asalin takardunsa a ranar ba, sai baɗi.

Bayan an tantance ka, kada ka ci bashin mai shago ko mai ɗaki da sunan kuɗin na tafe. Na jiha musamman ba shi da rana, wani sai an shiga sabuwar shekarar karatu yake faɗowa. Ka biya rajistarka ta hanyar da ka saba, in ya zo sai ka mayar da gurbi.