Yadda ake jera kayan ƙyale-ƙyale a ɗaki su daɗe ba su lalace ba

Kayan ƙyale-ƙyale su ne ƙananan abubuwan da ake ajiyewa don ƙawata ɗaki, ba don aikin yau da kullum ba: sassaƙaƙƙiyar ƙwarya, faifai mai launi, tandun kwalli, butar tagulla irin ta Bida, kofunan tangaran, furen roba, kwalaben turare, har da gorar masunta irin ta Argungu da wasu ke ratayewa a bango. Muddin suna jere da tsari, ado ne. Ranar da aka jibge su ƙura ta hau, sun koma tarkace, ko nawa aka saye su. A Kebbi kuwa yanayi ne ke fara cin kayan nan kafin yara su kai gare su, don haka jeren da bai yi la'akari da hunturu da bazara da damina ba, shekara ɗaya ta ishe shi ya dusashe.

Fara da mazaunin kabet ɗin da za ki jera kayan. Kada ki kafa shi yana kallon tagar da rana ke shigowa, musamman ta yamma. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce maki 40 a Birnin Kebbi da kewaye, kuma wannan ranar ce ke kashe launin furen roba da faifai, ta tsaga ƙwarya, ta sauya ƙamshin humra. Bar tazarar yatsu huɗu tsakanin kabet da bango saboda danshin damina da gara. In daɓen ƙasa ne ko siminti mai jiƙewa, a sa tayil ko falalen dutse ƙarƙashin kowace ƙafa. Sannan kafinta ya ɗaure saman kabet ɗin da bango a wuri biyu. Ana raina wannan, alhali yaro mai koyon tafiya zai iya janyo shi ya kife.

Jeren kansa ba wuya. Masu nauyi ƙasa: kwalla, fanteka, tukwane. Tangaran da tagulla a tsakiya daidai ido. Ƙwarya da faifai can sama tunda ba su da nauyi. Abu uku zuwa biyar sun wadatar a kowane hawa, da tazarar da hannu zai shiga ya ɗauko ɗaya ba tare da ya ture na kusa ba. 'Yan jere da yawa kan cika kabet maƙil ranar kai amarya don kada dangin ango su ce kaya sun yi kaɗan. Ki bari biki ya watse, ki rage rabi ki adana a akwati, ki riƙa sauyawa duk sallah. In za ki ɗora kwalla kan kwalla, sa ƙyalle ko takarda a tsakani, don da zarar fentin ya ɓantare tsatsa ta samu ƙofa.

Tagulla ce ta fi buƙatar sani. Kafin ki goge, kara mata maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla, tsumma mai laushi kawai za ki sa, don guga mai ƙarfi zai kankare ruwan ya bar tabo. In bai kama ba, ki yanka lemon tsami gida biyu, ki barbaɗa gishiri ƙaramin cokali ɗaya a kan rabin, ki goga na minti biyu zuwa uku, kina bin zanen da tsohon burushin haƙori. Jiƙaƙƙiyar tsamiya ma tana yi. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ruwan tsamin ya bushe a jiki. Shi ke haifar da koren tabon nan da ke maƙalewa a lungunan zane. A ɗauraye sosai da ruwa mai kyau, a tsane nan take da busasshen tsumma. Sau biyu a shekara ya isa. Soson ƙarfe kuwa ko kusa, ba ga tagulla ba, ba ga kwalla ba.

Ƙwaryar ado ba a jiƙa ta a ruwa, kumbura take yi ta tsage wajen bushewa. Tsumma mai ɗan laima ya wadatar. In kika ga gari fari-fari kamar fulawa a ƙarƙashinta da ƙananan huji, ƙwaro ya shiga. Fitar da ita daga cikin 'yan uwanta nan da nan, ki ƙulle ta a baƙar leda ki ajiye a rana wuni biyu, sannan ki kakkaɓe. Kayan fata irin na jar akuyar Sakkwato su kuma damina ce abokiyar gabarsu. Daga Yuli zuwa Satumba sukan yi hunhuna in an rufe su a leda. A bar su su sha iska a inuwa, a shafa man kaɗe ɗan kaɗan a yatsa, kada ya yi yawa ya riƙa kama ƙura.

Tandun kwalli a sa shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kwallin dutse yana ɗauke da dalma, kuma tun da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara a Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 mutanen wannan yanki sun san irin ɓarnar da take yi wa yara. In don ado ne, a zazzage kwallin a bar tandun. Haka duwatsun ado da ƙananan wuri irin na kuɗin da, waɗanda yaro zai iya haɗiyewa.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kakkaɓa da busasshen tsumma tayar da ƙura kawai take yi ta sake sauka. A goge da mai laima sau biyu a mako, daga sama zuwa ƙasa, a bar ƙofar kabet a rufe. Kaskon turaren wuta a nesanta shi da kabet, don hayaƙin na barin maiƙo a gilashi wanda sai da ruwan ɗumi da sabulu yake fita. Agogon ado ko fitila mai batir da aka daina amfani da su, a cire batirin, domin zafi na sa shi ya zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki.