Yadda ake kafa ƙungiyar kula da juna a ikilisiya

A kusan kowace ikilisiya akwai wanda ya yi wata biyu a kwance ba a leƙa shi ba. Fasto ya ɗauka dattawa sun sani, dattawa sun ɗauka zumuntar mata ta je, shi kuwa mara lafiya kunya ta hana shi aikawa. Mai dangi da yawa da wanda ake ganinsa a gaba kullum, gidansu yakan cika da masu dubiya. Wanda ake mantawa shi ne mai zama a kujerar baya, wanda ana sa albarka ya kama hanya. Tausayi yana nan a zukatan 'yan'uwa, amma ba a ɗora wa kowa nauyin sanin halin da wane yake ciki ba.

Ikilisiyar farko ma ta gamu da wannan. A Ayyukan Manzanni 6, gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci ana tsallake su a rabon abinci na kowace rana. Manzanni suka ce a zaɓi mutum bakwai a danƙa musu aikin, daga cikinsu akwai Istifanas da Filibus. Dukan bakwai ɗin sunayen Helenawa gare su, alamar an ɗauko su ne daga ɓangaren da ya kawo kuka. Ku riƙe wannan in kun zo zaɓen mutane.

Ku fara da sunaye

Kafin a yi maganar kuɗi ko ziyara, a rubuta gidaje. Littafi guda ya isa: sunan gida, mutum nawa ne, lambar waya, kwatancen wurin, sai alama a gefe idan akwai tsoho da ke zaune shi kaɗai, mai ciwon da ya daɗe, mai juna biyu, gwauruwa, marayu, ko baƙo da bai yi shekara da zuwa ba. Kada ku dogara da rajistar membobi kawai, domin masu zuwa sujada da ba su shiga rajista ba su ne suka fi ɓacewa. A gaya wa kowa dalilin rubuta sunansa, wanda bai so ba a bar shi.

Sai a raba gidajen bisa kusancin wurin zama, kowane mai kula ya ɗauki gida 8 zuwa 10. Ikilisiya mai gida 50 tana bukatar mutum 5 ko 6. Shawarar da Yetro ya ba surukinsa Musa a Fitowa 18 ta sauko har zuwa shugabannin mutum goma goma, kuma akwai hikima a ciki. Wanda aka ba gida 20 zai kula da huɗun da ya saba da su, sauran su zama sunaye a takarda.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da tsarin duka: duk wanda ba a gan shi Lahadi biyu a jere ba, mai kula da gidansa ya kira shi kafin Laraba. Kiran gaisuwa ne, ban da tuhuma. “Mama, kwana biyu ba mu gan ki ba, na ce bari in ji lafiyarki.” Kada a tambaye ta me ya hana ta zuwa. Idan ba a ɗaga waya sau biyu ba, a taka a je, zumunci a ƙafa yake.

Wajen zaɓen masu kula, ku nemi mai iya riƙe baki, mai cika alkawari, mai iya sauraro. Iya wa'azi ba sharaɗi ba ne, sau da yawa ma mai yawan magana yakan gajiyar da majinyaci. A haɗa maza da mata, manya da matasa, da aƙalla mutum ɗaya da ya taɓa jinya mai tsawo ko ya rasa abokin zama. Idan akwai masu wani yare ko baƙi a cikin jama'a, a sa nasu a ciki.

Dubiya

A nan ne ake yawan yin kuskure da kyakkyawar niyya. A kira kafin a je, a tambayi lokacin da ya dace. A je bibbiyu, kamar yadda Yesu ya aiki almajirai a Markus 6:7. Wannan yana kare sunan mai ziyara da wanda aka ziyarta, musamman idan mace ce ita kaɗai a gida, to lallai a cikin biyun a sami mace. Fiye da mutum uku a ɗakin mara lafiya taro ne, shi kuwa zai yi ta ƙoƙarin tashi zaune yana amsa gaisuwa alhali numfashi ma da ƙyar yake yi.

A asibiti minti 10 zuwa 15 ya wadatar, a gida minti 20 zuwa 30. A wanke hannu kafin shiga da bayan fita. Mai mura, tari ko zazzaɓi ya zauna a gida ya kira ta waya, domin jariri sabon haihuwa, tsoho, da mai shan maganin daji ba su da ƙarfin jure ciwon da kai kake ganin ƙarami ne. A nemi kujera a zauna daidai da fuskar majinyaci, kada a tsaya masa a ka, kada kuma a zauna a kan gadonsa. Likita ko nas ta shigo, a fita a ba su wuri.

Tambayar da ta fi amfani ita ce wadda Yesu ya yi wa makaho Bartimawas a Markus 10:51, inda ya tambaye shi me yake so a yi masa. Amma mutane da yawa ba sa iya roƙo, in ka ce “in akwai wani abu ka faɗa mini” za su ce ba komai. Don haka a kawo tayi mai suna: “Baba, ran Alhamis zan kai ka ganin likita, ƙarfe nawa ne?” Ko a ce za a ɗauko yara daga makaranta wannan makon, za a yi wanki, za a kwana da majinyaci dare ɗaya don matarsa ta yi barci. Mai jinya, wato wadda ke zaune da shi dare da rana, ita ake yawan mantawa. A tambaye ta yaushe rabonta da barcin kirki.

Kafin a kai abinci a tambayi abin da likita ya hana, musamman ga mai ciwon sukari, hawan jini ko ƙoda, da wanda ake shirin yi wa tiyata. A tsara kwanaki a takarda, gida ɗaya kowace rana ko bayan kwana bibbiyu har mako biyu, in ba haka ba kwanuka biyar za su taru ran Litinin, ran Juma'a kuwa ba ko ɗaya.

Abu uku kada su fito daga bakin mai dubiya. Na farko, labarin wani da irin wannan ciwon ya kashe. Na biyu, alaƙanta ciwo da zunubi ko ƙarancin bangaskiya. A Yahaya 9 Yesu da kansa ya ƙi wannan zargin game da mutumin da aka haifa makaho. Na uku, kuma shi ne mai kisa, shawarar a ajiye magani saboda an yi addu'a. Mai hawan jini, farfaɗiya, tarin fuka ko ciwon sukari da ya daina shan magani yana cikin haɗari na gaske. Addu'a a nemi izini kafin a yi ta, a yi ta gajeriya, da murya ƙasa idan akwai wasu majinyata a ɗakin. Idan ya nemi dattawa su zo su shafa masa mai bisa Yakubu 5:14, ko yana son Jibin Ubangiji, a isar wa fasto a ranar.

Bayan rasuwa

Kwanakin farko gida a cike yake. Nauyin ƙungiyar kula yana farawa ne daga mako na uku, lokacin da baƙi suka watse, waya ta daina ƙara, gwauruwa ta ga ita kaɗai ce da kujerar mijinta. A rubuta ranar rasuwa a littafi, a sa mutum biyu na dindindin: ziyara sau ɗaya a mako har wata biyu, sannan sau biyu a wata har wata shida, sannan sau ɗaya a wata har shekara ta zagayo. A sa alama a kan Kirsimeti na farko, Ista na farko, da ranar cika shekara, domin a waɗannan kwanaki ne raɗaɗi ke dawowa sabo.

Abokan Ayuba, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba, saboda sun ga girman azabarsa. Da suka buɗe baki suka fara yi masa bayanin dalilin wahalarsa, sai ya kira su masu ta'aziyyar banza. Karin Magana 25:20 ma ta yi kashedi kan rera waƙa ga mai baƙin ciki. A bar mutum ya yi kuka, kada a ce masa mai bi ba ya kuka, Yesu ya yi hawaye a kan Li'azaru. A ambaci sunan mamacin, a ba da labarin alherinsa. Masu makoki suna son jin cewa ba a manta da shi ba. A taimaka da takardu kuma: shaidar mutuwa, haƙƙoƙin wurin aiki, asusun banki, kuɗin makarantar yara. Mutumin da ke cikin jimami ba ya iya bin layin ofis shi kaɗai.

Kuɗi

A buɗe asusun taimako daban da baiko da zakka. Abin da ke shiga a kai a kai, ko kaɗan ne, ya fi tarin gaggawa, haka Bulus ya koya wa Korantiyawa su riƙa keɓe wani abu a ranar farko ta kowane mako. Da zai kai gudummawa Urushalima bai riƙe ta shi kaɗai ba, ya haɗa da Titus da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8). Ku ma mutum biyu su ƙirga, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar, mutum uku su yanke shawara, wanda danginsa ke neman taimako ya fita daga shawarar. A tsai da wani adadi da ma'aji da shugaba za su iya fitarwa cikin dare ba sai an yi taro ba, kuma a bar kashi ɗaya bisa uku na asusun saboda irin wannan.

In da hali a biya asibiti, makaranta ko mai gidan haya kai tsaye a karɓi rasit. A ba da kyauta, kada a ba da bashi. Wanda ya kasa biyan bashin ikilisiya yakan daina zuwa sujada saboda kunya, a rasa kuɗin a rasa mutumin. Rahoto ga jama'a duk wata uku: nawa ya shiga, nawa ya fita, gida nawa aka taimaka, ba tare da suna ba. Kada a ɗauki hoton wanda aka ba taimako, kada a kira shi gaba ya yi godiya. Matiyu 6:3 ta riga ta yanke wannan.

Idan gida ɗaya ya dawo karo na uku da bukata iri ɗaya, kuɗi kaɗai ba za su warware ba. A zauna a gano tushen: rashin aiki ne, bashi ne, shaye-shaye ne, ko 'ya'ya ne suka yi watsi da iyaye? A 1 Timoti 5 nauyin gwauruwa yana kan iyalinta tukuna, don ikilisiya ta iya ɗaukar wadda ba ta da kowa. Wani lokaci taimakon shi ne dattijo ya kira ɗa ya yi masa magana.

Sirri da iyakarsa

Abin da ya fi rusa irin wannan ƙungiya shi ne gulma da aka sa wa rigar addu'a. Kafin a ambaci kowa a taron addu'a ko a WhatsApp, a tambaye shi: in faɗa, wa zan faɗa wa, me zan ce? “Tana jinya” ya isa, sunan ciwon nata ne. Sirri ɗaya ya fita, gidaje goma za su rufe bakinsu.

Akwai abin da ba a ɓoyewa, kuma a gaya wa mutum haka tun farko: idan ana cin zarafin yaro, ana dukan wani a gida, ko mutum yana maganar kashe kansa. Wanda ya ce ya gaji da rayuwa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin hallaka kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba da makami, a kai shi ga likita a ranar. Mai jego da baƙin ciki da kuka suka wuce mata mako biyu bayan haihuwa, ita ma asibiti take bukata tare da addu'a. Cin zarafin yara kuwa a kai shi ga hukuma, ba a sasanta shi a ofishin fasto. Babba ɗaya kada ya keɓe da yaron da ba nasa ba.

Su ma masu kula suna gajiya. Ziyara biyu a mako ta ishi mutum mai aiki da iyali, a yi wa'adin shekara ɗaya ko biyu, mai son hutu ya huta ba tare da an ga laifinsa ba. Kuma kada a raba jama'a gida biyu, masu bayarwa da masu karɓa. Tsohuwar da ba ta iya fita tana iya kiran gida uku a mako ta waya, wanda ya warke yana iya raka wani asibiti, gwauruwar da ta yi shekara biyu ita ce ta fi dacewa da zama kusa da sabuwa. Maƙwabcin da ba mai bi ba ne shi ma yana da rabo, Galatiyawa 6:10 ta ce a yi wa kowa alheri, kuma kada a sa masa sharaɗin zuwa coci.

Ƙungiya ta riƙa haɗuwa bayan mako bibbiyu, minti 45. Kowa ya faɗi wanda bai gani ba, wanda ke kwance, da abin da aka yi alkawari wancan zama ko an cika. Magatakarda ya rubuta aiki, sunan mai yi, da rana. Duk wata shida a sake bin littafin gida gida, a ƙara sababbi, a gyara lambobin waya, a nemi labarin waɗanda suka ƙaura ko sun sami ikilisiya a inda suka koma.