Ga ƙannena na Katsina masu shirin tafiya aikin sa kai a kafe na intanet a Ghana

Salamu alaikum ƴan uwa. Tunda na dawo daga Accra samari ke ta tare ni a Ƙofar Ƙaura suna tambaya ya aikin kafe yake a can, to bari in faɗa maku gaba ɗaya.

Takardu dai ba wuya, da fasfon Ecowas ba ruwanka da biza har kwana 90, amma dan Allah kar ka baro katin allurar shawara a gida, in ta mota ka bi ta Seme da Kwatano da Lome za a tambaye ka shi kafin ka shiga ta Aflao. Kuɗinsu sidi ne, kuma MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, ake amfani da shi har wajen mai shayi.

Ni a Nima na zauna, unguwar da Hausa za ka ji ko ina. Sai dai Hausar zango, wato ta unguwannin Hausawan can, daban take, mace ma "ya zo" ake ce mata, kar ka kuskura ka fara gyara ma mutane magana, baƙo ne kai, ka bari kunnenka ya saba. Abinci kuwa alhamdulillahi, waakye ɗinsu shinkafa da wake ce, ga koko da ƙosai da safe.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Kafe ɗin unguwa ba wajen nuna ka iya kwamfuta ba ne, wallahi amana ce zalla. Dattijo zai zo ya miƙa maka fasawod ɗin imel ɗinsa a takarda saboda ɗansa na Jamus ya aiko saƙo, yarinya za ta zo duba sakamakon WAEC hannunta na rawa, kai ne za ka fara gani kafin ita. Abin da idonka ya gani a wajen ya mutu a wajen, ko abokin kwananka kar ya ji. Kuma in mutum ya tashi ka tabbatar an fita daga akawun ɗinsa a gabansa, sannan takardar fasawod ɗin nan ka maida mashi abarsa.

Ni da farko karɓe linzamin kwamfutar nike in yi masu komai saboda sauri, sai na lura mutum ɗaya ya dawo sau biyar kan abu guda. Daga nan na koma zama a gefe, shi ya danna da hannunsa ko da zai ci minti 20 yana neman harafi ɗaya, ranar da wani baba mai sayar da goro ya tura saƙo da kansa har hawaye na yi.

Wuta kuma ana ɗaukewa, dumso suke ce mata, don haka ka koya ma kowa sebin, wato adana abin da yake rubutawa, tun yana layin farko, sannan duk filashin da aka kawo a duba ta kafin a buɗe saboda bairos. Agogonsu yana bayan namu da awa 1, ka tuna da haka in za ka kira Hajiya bayan an rufe kafe.